Farantin da Ba Shi da Alama

Litinin, 5 ga Oktoba 1998

'Yarmu Feride ta koma Bursa yau a motar ƙarfe goma. Kwana ashirin ta yi tana jinyar uwarta, mijinta ya fara bugo waya sau biyu a rana. Kafin ta fita ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a hannu ta karanta mini sharaɗinta, kamar sufeto a gaban ƙaramin malami. Za ta dawo ranar 29, hutun Jamhuriya. In ta tarar da uwarta Nermin yadda ta bar ta, ba ci, ba ganin kowa, fuska a bango, za ta tafi da ita. Ni kuma in zauna da littattafaina, tunda a cewarta su na aura.

Na ce mata Allah ya kiyaye hanya.

Shanyewar ɓarin jiki ce ta kama Nermin. Hannun dama ya mutu. Ƙafa tana ja. Baki ya ɗan karkace. Likita ya ce magana za ta dawo in ana yi mata hira. Wa zai yi? Shekara arba'in da ɗaya ita ke maganar gidan nan, ni nawa gyaɗa kai.

Talata, 6 ga Oktoba

Na shiga kicin neman gwangwanin shayi, na tarar da farantai bakwai a kife kan tebur. Ba namu ba ne. Na maƙwabta ne da suka yi ta aiko da abinci tun da aka sallamo ta daga asibiti. Feride ta karɓa, mun ci, ta wanke, ta tafi ta bar mini.

Na ce bari in rabu da su. Na jera su a tire, na bi ta ɗakin Nermin in tambayi wanne ne na wa. Tana ganin tiren ta ɗauki cokalin da ke gefenta da hannun hagu ta shiga dukan ƙarfen gado. Ba ta daina ba sai da na ajiye. Ta yi ta kokawa da bakinta, daga ƙarshe kalma ɗaya ta fito.

"Wayam."

Na sani. Ba a mayar wa maƙwabci farantinsa wayam. Na ce mata wannan doka ta masu lafiya ce, wanda ke kwance an ɗauke masa. Ta juya bango. Miyar rana ma ba ta sha ba.

Laraba, 7 ga Oktoba

Mukaddes, wadda ƙofarta ke kallon tamu, ta zo dubiya. Nermin na jin muryarta ta hau dukan gado. Na fita na ce tana barci. Mukaddes ta ce, "Malam, wannan barci ya yi tsawo. Sati uku kenan, kuma mai barcin tana kiɗa."

Sai yanzu na gane. Ba karkacewar bakin kaɗai take ɓoyewa ba. Matar da duk layin nan suka san hannunta a soya borek, naɗin ƙullu mai cuku a ciki, ba za ta zauna gaban mata bakwai tana riƙe da farantansu ba.

Wauta. Amma cokali uku ta ci yau.

Alhamis, 8 ga Oktoba

Na kasa zama. Na buɗe littafi, shafi ɗaya sau huɗu. Na fita har bakin masallaci na juyo. Na sake fita har gidan shayi, na hango mazan layinmu a ciki suna buga kati, na juyo.

Na karanta tarihi a Istanbul. Ina karanta tsohon rubutun Turkanci na daular Usmaniyya, ina jin Faransanci. Na riƙe makaranta mai ɗalibai ɗari shida. Yau ina tsaye ina juya gindin faranti kamar mai binciken kayan tarihi. Kuma akwai abin gani. Kowace mace ta sa alamarta a ƙasa: ɗigon jan farce, guntun filasta da harafi, wata ta karce gicciye da wuƙa. Shida na iya bin sawunsu. Na bakwai farin farantin ƙarfe ne, fentin bakinsa ya ɓantare a wuri biyu, ba alama ko ɗaya. Feride ta ce a bakin ƙofa ta tsince shi da dafaffiyar alkama a ciki, ba wanda ya ƙwanƙwasa. Na tuna alkamar. Ta kama a gindi, gishiri kamar ruwan teku.

Asabar, 10 ga Oktoba

Ranar kasuwa. Na sayo siririn borek a shagon da ke kusa da tasha, irin wanda ake naɗewa kamar karan sigari, guda goma sha biyu. Na jera a farantin mai harafin M, na kai wa Mukaddes. Minti biyu. Haka ake warware matsala in akwai ilimi.

Lahadi, 11 ga Oktoba

Mukaddes ta tare ni ina zubar da shara. Ta yi godiya sosai, har da dafa ƙirji. Sannan ta ce in na koma tasha in gaishe mata da mai shagon, in ce masa ya riƙa canza man suya ko sau ɗaya a wata.

Tagar Nermin a buɗe take. Ta ji.

Da na shiga ban ga fuskarta ba, kafaɗarta kawai na gani tana motsi. Kuka take yi. Na gyara labulen da ba abin da ya same shi na fita.

Litinin, 12 ga Oktoba

Na je wurin Bedriye mai yufka, a lungun bayan kasuwa. Shekara talatin Nermin na sayen fallayen ƙullu a wurinta, ni ban taɓa taka shagon ba. Tana murzawa da doguwar sanda, falle ɗaya ya kai faɗin tebur, in ka ɗaga kana hango hannunka ta ciki.

Ta tambayi jikin Nermin, sannan ta tambayi wa zai naɗe. Na ce ni. Ta ajiye sandar ta dube ni tun daga hula har takalmi.

"Malam, ka taɓa soya ko ƙwai?"

Na ce na san yadda ake yi a ƙa'ida. Ta ce to ƙa'idar ce za ta ci. Ta ba ni falle uku, ta ce kowanne in yanka shi gida takwas kamar ana raba kankana, in rufe sauran da ɗanyen ƙyalle kada su bushe. Farin cuku, ɗanyen ganyen faski, shi kenan. Ta ce in dawo gobe in sayi wasu ukun. Na ce ukun nan sun isa. Ta ce sai goben.

Talata, 13 ga Oktoba

Naɗin bai ba ni wuya ba. Shekara talatin ina naɗa taba da hannuna kafin likita ya hana ni, yatsun ba su manta ba. Na zuba cuku a faffaɗan gefen, na lanƙwaso kunnuwan biyu, na murza su sumul, a matse, kowanne kamar ɗan'uwansa. Ashirin da huɗu. Na tsaya ina kallonsu, har na ji wani abu da na daɗe ban ji ba.

A cikin mai suka fashe. Ɗaya bayan ɗaya. Cukun ya tsere ya bar fanko, man ya yi ta tsalle, ya ƙona ni a wuyan hannu. Hayaƙi har falo.

Na koma wurin Bedriye. Falle ukun suna naɗe a takarda, tun kafin in zo ta ware. Ta miƙo mini kawai. Gara ta yi magana.

Laraba, 14 ga Oktoba

Sun sake fashewa. Kyanwar layi ma ta shinshina ta wuce.

Alhamis, 15 ga Oktoba

Na rage cukun, na jiƙa shi a ruwa ya saki gishiri, na fasa farin ƙwai a ciki kamar yadda wata mata ta ce a layin sayen faski ba tare da na tambaye ta ba. Duk garin Keshan ya sani kenan.

Na ɗora mai, na jefa na farko. Sai na ji kiɗan cokali daga ɗaki. Na ɗauka ruwa take so, na je. Ta nuna kicin da haɓa, ta girgiza kai. Na koma na jefa na biyu, kiɗa ya dawo. Sai a karo na uku na fahimta: daga kan gado, ta bango biyu, tana jin ƙarar man, ta san bai yi zafi ba. Na jira. Na jefa guntun yufka, ya taso nan take yana kumfa. Cokali ya buga sau ɗaya.

Rabi sun fashe, rabi sun tsira. Na kai mata ɗaya. Ta gutsura, ta tauna da gefen da ke aiki, ta ajiye sauran. Ba ta juya bango ba. Ni ta tsaya kallo, irin kallon da nake yi wa yaron da ya ci arba'in cikin ɗari.

Juma'a, 16 ga Oktoba

Feride a waya. Tana ci? Kaɗan. Wa ya shigo? Ba kowa. Ta ce ta riga ta gyara ƙaramin ɗakin, har ta sayo katifa. Na ce katifa ba ta lalacewa, za ta yi wa baƙi amfani. Ta ce, "Baba, ba faɗa nake yi da kai ba." Na ce ni ma.

Hawa na biyar suke zaune. Tagar ɗakin bangon wani gini take kallo. Nermin da ke sanin wanda ya wuce a layi daga takun takalminsa.

Ban gaya mata zancen borek ba. Dariya za ta yi, ko kuka, duka biyun ba na so.

Asabar, 17 ga Oktoba

Yau ta nuna kujera, ta nuna ƙofa. Na ɗauka bayi take nufi. Kicin take nufi. Na tallafe ta, taku goma sha ɗaya, mun yi kusan minti biyar. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Yaushe ta koma haka?

Na zaunar da ita a bakin tebur na fara naɗi. Na farko na murza shi tsaf irin na taba. Ta buge mini hannu da cokali, da gaske, har ya yi ja. Ta jawo wani yankin da hannun hagu, ta tura shi a hankali da tafin hannu, sakwa-sakwa, kamar ba ta damu ba. Ya karkace, amma na ga abin da take nufi. Ta ce, "Iska." Ta sake ƙoƙari. "Bar... masa."

A bar masa wurin numfashi. Cuku in ya ji wuta kumbura yake yi, in ka matse shi sai ya nemi hanya. Kwana huɗu ina zargin mai, ina zargin cuku, ina zargin Bedriye.

Na naɗa sakwa-sakwa. Da na kai wutsiyar sai ta tsoma ɗan yatsa a kofin ruwa ta shafa bakin, ta danna, ya manne. Na naɗa, ta manne. Ashirin da huɗu, ba wanda ya fashe. Launin zuma. In ka karya kana jin ƙaras daga bakin ƙofa.

Ta ci uku. Na ƙirga.

Litinin, 19 ga Oktoba

Mukaddes ta riga ta karɓi farantinta, don haka na fara da mai ɗigon jan farce, matar wani direba. Ta gutsura a tsaye a bakin ƙofa, ta ce Nermin ta tashi kenan? Na ce rabinta. Na biyu mai gicciye. Mijinta ne ya buɗe, mutumin da rabona da shi da magana tun bikin Feride. Ya ce, "Malam, ashe kana da ƙafa." Na ce ashe kai ma kana da ƙofa.

Na dawo na tarar ta ware guda shida a gefe, ta nuna gidan Mukaddes. Wankin laifi. Na kai a takarda. Mukaddes ta ce wannan kam ba daga tasha ya zo ba, amma faskin ya yi girma, wuƙa ake sa masa ba gatari ba.

Laraba, 21 ga Oktoba

Sauran ukun sun tafi. Na rikita biyu, na kai wa matar liman farantin surukarta, waɗanda ba sa ga maciji. Sai da na koma na musanya, kowacce ta ba ni tarihin ɗayar a tsaye. Tarihin da ba a koyarwa a jami'a.

Bayana ciwo. Rigata duk warin mai. Wuyan hannun ya yi ruwa ya fashe.

Alhamis, 22 ga Oktoba

Na ce mata an gama, gobe sai a buɗe wa mata ƙofa. Ta girgiza kai, ta nuna farin farantin ƙarfen da ya rage shi kaɗai a tebur. Na ce ba shi da alama, ba a san mai shi ba, wanda ya ajiye ya gudu shi ya jiyo. Ta ce ta sani. Na ce na wa?

Ta daɗe. Na ga harshen yana neman hanya.

"Hayriye."

Na ce ai maƙwabciyarmu Hayriye ta rasu shekara biyu da suka wuce. Ta gyaɗa kai. Ta ci gaba da kallona har sai da na ƙarasa lissafin da kaina. Matar ta rasu, ba su da 'ya'ya a garin nan, gidan mutum ɗaya ne a ciki. Mijinta Rifki ne ya dafa alkamar nan da hannunsa, ya lallaɓo ya ajiye mini a bakin ƙofa. Kuma na ci. Har na ƙara.

Na fita ban ɗauki hula ba.

Juma'a, 23 ga Oktoba

Bari in rubuta, ko don in tuna wa kaina, tunda kowa ya ga dama ya manta.

Rifki mataimakina ne. Ni na roƙa aka kawo shi makarantar. Ni na koya masa yadda ake tsara jadawalin darasi. Shekarar da aka yi ta kakkaɓe malamai, aka zo da takarda cewa ina ajiye littattafan da aka hana a kabad ɗin ofis ina ba manyan ɗalibai. Gaskiya ne ina ba su. Ana neman sa hannun mutum ɗaya daga cikin gida. Ya sa. Wata biyu bayan haka yana zaune a kujerata. Ni kuma na yi shekara tara ina rubuta wa manoma takardun koke a bakin kotu, a kan ɗan tebur mai ƙafa uku, tsofaffin ɗalibaina suna wucewa suna kallon wani gefen.

Shekara goma sha shida ban furta sunansa a gidan nan ba. Gidansa na bayan namu, katanga ɗaya. Na sa aka ƙara mata bulo uku.

Yau na tambaye ta yadda aka yi ta san farantin. Da kalma ɗaya-ɗaya, da nuni, na haɗa labarin. Duk shekarun nan farantin nan yana tsallaka katanga. Akwai tsohon akwati a gindin itacen tuffa, a kansa take hawa ta nan, Hayriye ta tare ta ta can. Shi ya sa ba alama, don kada ni ko shi mu gane. Cushen ganyen inabin da nake yabawa kowace bazara, na Hayriye ne. Ranar da na ɗauka ta je asibitin haƙori, gaisuwar mutuwa ta je.

Na ce, ashe ni kaɗai ne wawa a layin nan. Ta ɗaga cokali ta buga sau ɗaya.

Asabar, 24 ga Oktoba

Ba zan kai ba.

Lahadi, 25 ga Oktoba

Na ce a ba Mukaddes ta kai. A'a. Na ce in ɗora a kan katanga in bar masa, kamar yadda suke yi. A'a. Na ce to shi ai ajiyewa ya yi ya gudu kamar ɓarawo. Ta ce, "Kai... ba shi ba."

Abincin rana ya dawo yadda na kai shi. Na dare rabi.

Na zaga layin sau uku. Ƙofarsa koriya ce har yanzu, fentin ya tattashi. Ba ruwana da fentinsa.

Litinin, 26 ga Oktoba

Saura kwana uku. Feride ta kira ta ce mijinta zai zo da mota, don kada uwar ta wahala a bas. Har sun tsara.

Na zauna na yi tunanin gidan nan ba ita. Ba kiɗan cokali. Zan karanta abin da nake so, ba mai cewa in tashi in ci abinci. Na yi ƙoƙarin jin daɗin hakan, na yi minti goma ina ƙoƙari.

Wai me take so in ce masa? Na yafe? Ban yafe ba. Ba zan yi ƙarya da tsufana don faranti mai ɓantararren baki ba.

Talata, 27 ga Oktoba

Na je sayen burodi da hantsi, na tsaya surutu da ba ni da niyyar yi. Da na dawo gado wayam. Na leƙa bayi, ba ta nan.

A kicin na same ta. Ita kaɗai ta yi taku goma sha ɗayan, tana bin bango, na ga sawun tafin hannunta a farin fenti. Tana zaune, ta jawo ragowar yufkar da na manta ban rufe ba, ta bushe tana karyewa kamar tsohuwar takarda. Tana ƙoƙarin naɗewa da hannu ɗaya, tana danne gefe da haɓa. Cuku a ƙasa, cuku a rigarta. Farin farantin a gabanta da abu biyu a ciki, ko sunan borek ba su cancanta ba.

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba.

Na tsaya da burodi a hannu kamar wanda aka dasa. Sannan na ɗauki hula na tafi wurin Bedriye. Ta ce falle nawa, Malam? Na ce uku, masu kyau. Ta ce duk nata masu kyau ne, masu naɗin ne dai sai a hankali.

Laraba, 28 ga Oktoba

Mun yi da safe. Na naɗa, ta manne. Da na kwashe daga mai ita ta zaɓi waɗanda za su shiga, ta ture guda biyu da suka yi duhu. Ta nuna kabad, farantinmu mai shuɗin baki, na kayan aurenta. Na kifa shi a sama don kada su huce a hanya.

Taku ɗari da arba'in ne in ka zaga ta layi. Na ƙwanƙwasa sau ɗaya, na ce in bai buɗe ba na fita hakki.

Ya buɗe. Ban san ya tsufa haka ba, daga nesa nake ganinsa. Ya saka maɓallin rigar sanyi a ramin da ba nasa ba. Gidan yana warin rufaffen ɗaki. Ya dubi hannuna, ya dube ni.

"Hedimasta."

"Farantinka."

"Na Hayriye ne." Ya dubi ɓantararren bakin farantin. "Alkamar ta kama, na sani. Ban iya ba."

"Gishirin ma ya yi yawa."

Ya ce haka ne. Ya karɓa da hannu biyu. Ya ce in shigo, na ce a'a. Ya tambayi jikinta, na ce da sauƙi. Sai ya fara, idonsa a ƙasa, ya kira sunana, wai Hulusi, takardar nan, lokacin an kira shi sau uku, an ambaci ƙaninsa da ke tsare... Shekara goma sha shida ina shirya amsar wannan magana. Ina da ita a jere, da sakin layi, har da inda zan ɗaga murya.

Na ce, "Ci tun da zafi. In ya huce ya tashi daga aiki."

Ya ɗaga murfin ya ɗauki ɗaya a nan tsaye. Na ji ƙaras ɗin. Ya juya guntun yana duba wutsiyar, ya ce wannan mannin Nermin ne, ya san shi, shekara da shekaru yana ci yana yi kamar bai san daga ina yake zuwa ba. Na ce mannin nata ne, naɗin nawa. Ya ce, "Kai?" Ya yi wata irin dariya da ta koma tari, ya goge ido da hannun riga.

Ashe shi ya sani. Ni kaɗai ne dai.

Ban yafe ba. Ina so a rubuce yake. Na kai faranti ne kawai.

Da na dawo ta dubi hannuna, ta dubi fuskata. Ta ce, "Mukaddes." Na je na kira ta.

Alhamis, 29 ga Oktoba

'Yan makaranta sun wuce da ganguna da tutocin bikin Jamhuriya. Na rufe taga kamar kowace shekara, Nermin ta sa aka buɗe.

Feride da mijinta sun iso bayan azahar. Mata huɗu ta tarar a ɗakin, Mukaddes na taje wa uwarta kai, matar liman na ba da labarin surukarta, Nermin a jingine da matashi tana gyara musu zance da cokali. Ni ina kicin da tawul a kafaɗa. Feride ta tsaya a ƙofar kicin ta daɗe. Ta ɗauki ɗaya daga takardar da nake tsane mai, ta ci, ta ce, "Baba, wa ya koya maka?" Na ce a Istanbul na karanta.

Ta shiga bayi ta daɗe, famfo na zuba.

Lahadi, 1 ga Nuwamba

Sun tafi su biyu. Ta ce za ta dawo ƙarshen wata ta sake dubawa. Ta zo ta duba mana.

Litinin, 2 ga Nuwamba

Jiya na lura farantinmu mai shuɗin baki ba ya kabad. Na baro shi a can. Mantuwa ce. Mutum mai shekara sittin da takwas yana mantuwa.

Yau da hantsi aka ƙwanƙwasa. Wannan karon Rifki bai gudu ba. Farantin ne, cike da tuffa, ya ce na reshen itacenmu ne da ya tsallaka katanga, don haka kusan namu ne ya dawo mana da su. Ya rufe su da wani ƙyalle mai surfani a gefe, aikin Hayriye. Ban ce ya shigo ba. Daga ɗaki cokali ya buga sau ɗaya, ya ɗaga murya ya gaishe ta, ta amsa da sunansa, sarai, duka harufan.

Ya tafi ya bar ƙyallen. Nermin ta ce shi ma ba a mayar da shi wayam. Ban taɓa jin wannan dokar ba, ina zargin yau ta ƙirƙiro ta.

Na bi ta wurin Bedriye na ce ta ware mini falle uku ran Asabar. Ta ce na ran Asabar ɗin nan, ko na kowace Asabar? Na ce ta ware dai.

Bulo ukun nan na saman katanga sun fara tsagewa. Ya kamata a sauke su kafin su faɗo wa wani a ka.